Dafin kwalara da sel ɗin da ake cire wa abu ɗaya

Daminar 2021 ba ta zo wa Bauchi da sauƙi ba. A ƙididdigar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, waɗanda ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya a wannan shekara sun haura mutum 100,000, mamata sun haura 3,500, kuma jiharmu ce ta fi kowace jiha yawan marasa lafiya. Yayata ma'aikaciyar jinya ce, tana cikin waɗanda aka tura rumfunan masu amai da gudawa. Wani dare ta kira ni, muryarta duk gajiya, ta ce, "Ke da kike koyar da sinadaran jiki, ki gaya mini, daga ina ruwan nan yake fitowa? Mutum ya shigo da ƙafarsa da hantsi, kafin la'asar idanunsa sun zurma, in kin ja fatarsa ba ta komawa."

Na ce, "Yaya, daga jikinsa yake fitowa," sannan na ba ta amsar da nake bai wa ɗalibaina 'yan aji uku. Ƙwayar cutar ba ta shiga jini, ba ta ma huda hanji. Zama take yi a bangon ƙaramin hanji tana sakin dafi. Dafin kashi biyu ne. Akwai ɓangaren B, guda biyar a jere zagaye, aikinsu su manne a jikin ƙwayoyin halittar hanji, waɗanda mu a ɗakin gwaji muke ce wa sel. Sai ɓangaren A, guda ɗaya, shi ne ke kutsawa ciki. In ya shiga sai ya sa wani sinadari mai suna cAMP ya yi ta taruwa ba tsayawa, sel ta buɗe kafofinta ta yi ta tura gishiri cikin hanji, ruwa kuma ya bi gishirin. In abin ya yi tsanani babban mutum yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya. Abin da B ke kamawa kuwa, tun 1973 masana, cikinsu har da Jan Holmgren na Suwidin, suka nuna cewa wani maiƙo ne a jikin sel mai suna GM1.

Wannan amsa daidai ce, haka take a kowane littafi. Sai dai a 'yan shekarun nan an gano ba ta cika ba. Hanyar da aka bi aka gano hakan ita ce nake son in yi magana a kai, domin na taɓa sa hannuna a irin aikin, kuma ina ganin ya shafe mu fiye da yadda ya shafi masu yin sa.

GM1 ɗaya ne daga cikin dangin da ake kira gilaikolifid, wato maiƙo mai ɗauke da sukari. Kowace sel a jikinmu tantani ne na maiƙo ya lulluɓe ta. A cikin tantanin akwai wani maiƙo, seramaid, wanda gindinsa ke nutse a ciki, a kansa kuma an jera sukari suna leƙowa waje. Gulukos ne da galaktos da fukos da sinadarin siyalik da makamantansu, kuma yadda aka jera su shi ke bambanta wannan da wancan. GM1 sukari biyar ne a kansa. Duk abin da ya tunkari sel daga waje, antibodi ne, wato furotin garkuwar jiki, ko bairos ko dafi, da irin waɗannan sukari yake fara cin karo. Suna da yawa ƙwarai a ƙwaƙwalwa, a can ne ma Ernst Klenk na Jamus ya tsamo wani reshensu ya raɗa masa suna gangiliyosaid a 1942. Hatta rukunin jinin A da B da O da ake rubuta mana a kati sukari ne, wani a kan furotin, wani a kan irin wannan maiƙo.

Nazarinsu yana da wuya saboda dalili guda. Kowane furotin yana da ƙwayar gadonsa a DNA, in kana son sanin aikinsa sai ka nemi ƙwayar gadon. Gilaikolifid ba shi da tasa. Babu inda aka rubuta GM1 a DNA. Abin da aka rubuta shi ne enzayim, wato furotin ɗin da ke ƙera shi, waɗanda ke zaune a sashen Golgi na sel, kowanne da sukarin da yake ɗorawa. UGCG ya ɗora gulukos a kan seramaid. B4GALT5 ya ƙara galaktos, a sami laktosil-seramaid. Daga nan hanya ke rabuwa, kamar mota ta iso mararraba: ST3GAL5 ya ja shi zuwa gangiliyosaid, inda GM1 yake, A4GALT ya ja shi zuwa Gb3 da danginsa, B3GNT5 ya ja shi zuwa reshen lakto. In aka datse hanya ɗaya motocin ba sa ɓacewa, sauran hanyoyin suke cunkusawa. Duk mai wannan aiki dole ya riƙa tuna haka.

To ta yaya za ka san aikin ɗaya daga cikinsu, alhali sel guda tana ɗauke da iri da yawa a gauraye? A da dabarar ita ce a tatso maiƙon a zuba wa sel daga waje, ko a sa magani mai hana ƙera shi. Duka biyun suna da aibi. Wanda aka zuba ba lallai ya zauna inda na asali ke zama ba, magani kuwa ba ya tsayawa kan abin da aka aike shi kaɗai. Hanya mafi tsafta ita ce ka sami sel iri biyu da komai nasu ɗaya ne, ban da enzayim guda da ka cire wa ɗayan. Duk bambancin da ka gani ka san inda ya fito.

An gwada da ɓeraye. A 1999 a Amurka aka kashe ƙwayar gadon UGCG a ɓera, tayin ya mutu tun a ciki kafin gaɓoɓi su fito. An dai koyi cewa halitta ba ta ginuwa sai da wannan maiƙo, amma mataccen tayi ba zai amsa sauran tambayoyin ba. Sannan a wannan fanni musamman akwai tazara tsakanin ɓera da mutum. Yawancin dabbobi masu shayarwa suna ƙera wani nau'in siyalik mai suna Neu5Gc, mu kuwa ƙwayar gadon CMAH mai yin sa ba ta aiki a jikinmu. Saboda haka sukarin da ke saman sel ɗin ɓera ba irin namu ba ne sak. Da aka lura cewa sel da ke zaune a faranti tana iya rayuwa ta hayayyafa ba tare da UGCG ba, sai hankali ya koma kan zuriyar sel ɗin mutum da ake raino a ɗakin gwaji.

Wadda kowa ya sani ita ce HeLa. An ɗebe ta a 1951 a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo, daga ciwon dajin bakin mahaifar Henrietta Lacks, baƙar fata 'yar shekara 31, ba tare da an nemi izininta ba. Ta rasu a shekarar, sel ɗinta kuwa har yau suna ta rabuwa a ɗakunan gwaji a ko'ina cikin duniya. Ba na ambaton HeLa a aji ban faɗi wannan ba, domin 'ya'yanta sun yi shekara sama da ashirin ba su san abin da ake yi da tsokar mahaifiyarsu ba. Akwai kuma HEK293, wadda aka samar a Leiden ta ƙasar Holan a 1973, ana son ta saboda sauƙin karɓar DNA daga waje. Wadda ta fi burge ni ita ce HAP1, mai asali daga wani mai ciwon dajin jini. Mu kowace ƙwayar gado kwafi biyu muke da ita, na uwa da na uba, ita kuwa HAP1 kusan duk nata kwafi ɗai-ɗai ne, don haka yanka ɗaya ya wadatar. Da ita ƙungiyar Thijn Brummelkamp ta gano a 2011 cewa Ebola na buƙatar furotin NPC1 kafin ta ci sel, a 2014 kuma suka nuna cewa bairos ɗin zazzaɓin Lassa, wanda mu a Bauchi muke fama da shi kowane rani, yana sake abin kamawa ya koma kan LAMP1 bayan ya shiga ciki.

A fannin gilaikolifid, Toshiyuki Yamaji da Kentaro Hanada na Tokyo sun fitar da HeLa marar UGCG da marar B4GALT5 a 2014, da wata fasahar yanka DNA mai suna TALEN, wadda ke da wahalar haɗawa. Zuwan CRISPR, wata fasahar yanka DNA mafi sauƙi, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012 suka kuma ci kyautar Nobel a kanta a 2020, shi ya mayar da aikin abin da ɗalibin digiri na biyu zai iya. A 2019 cibiyar Henrik Clausen da ke Kofenhagen ta ƙasar Denmak ta fitar da tarin zuriyoyin HEK293, kowace da ƙwayar gadon ɗora sukari da aka kashe mata ko aka ƙara mata.

Na ga yadda ake yi lokacin da na je wani ɗan horo a waje, kuma rabin aikin raino ne. Sel na zaune a faranti cikin wani ruwan abinci ja-ja, wanda ke komawa rawaya in ya yi tsami, a inkubeta mai zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Ana shigar musu da Cas9, furotin mai yanka, tare da ɗan guntun RNA mai harafi 20 da zai kai shi wurin da ake so. Ya yanka, sel ta yi ƙoƙarin ɗinkewa, sau da yawa ta ɗinke ba daidai ba, ƙwayar gadon ta daina aiki. Sai a tsinka su a rarraba a faranti mai rami 96 yadda sel ɗaya tak za ta faɗa rami, a jira makonni ta yi zuriya. A karanta DNA a tabbatar. Bayan haka sai a duba maiƙon kansa, kuma nan ne na fi jin daɗi. Ana tatso shi da kulorofom da metanol, a ɗiga a gindin farantin silika, a bar ruwan sinadari ya haura da shi, a fesa osinol, sinadarin da ke rina sukari, a gasa. Layuka masu launin shuni su fito a jere, kowanne maiƙo daban. A gefen sel ɗin da aka kashe wa UGCG sai ka ga wurin fayau. An kuma ba ni ɓangaren B na dafin kwalara wanda aka maƙala wa sinadari mai haske, na zuba wa faranti biyu. A madubin ƙara girma, cikin ɗaki mai duhu, gefunan sel ɗin asali suka yi kore shar, na ɗayan farantin kuwa babu hasken, ga su kuma da rai lafiya ƙalau. Da aka mayar musu da ƙwayar gadon sai hasken ya dawo. Wannan mataki na uku shi ne hujja. Duk takardar binciken da na ga an cire abu ba a mayar an sake gwadawa ba, da taka-tsantsan nake karanta ta.

A irin waɗannan sel maganar littafi ta fito tsaf. A sel ɗin hanji ne ta ƙi fitowa haka. An daɗe da sanin cewa GM1 kaɗan ne a hanjin mutum, bayanin da ake bayarwa shi ne ƙwayar kwalara tana da wani enzayim mai datse manyan gangiliyosaid ya mayar da su GM1. A 2015 ƙungiyar Jennifer Kohler da ke Dallas ta nuna cewa a zuriyar sel ɗin hanjin mutum, dafin yana manne wa sukari masu fukos da ke kan furotin. A 2018 masana a Gotenbag ta Suwidin suka ba ɓerayen da ba su da GM1 dafin, suka yi gudawa duk da haka.

Sai aikin da ya fito a 2024, shi ma daga ƙungiyar Kohler, wanda a ganina ya fi kowanne nuna amfanin wannan dabara. Sun ɗauki sel ɗin hanji mai suna Colo205 suka kashe B3GNT5, wato suka rufe reshen lakto, inda gilaikolifid masu fukos suke fitowa. Dafin da ke manne wa sel ya ragu, kamar yadda kowa zai zata. Amma ɓarnar da yake yi a ciki sai ta ƙaru. Da suka juya gwajin, suka sa sel ta riƙa yin B3GNT5 fiye da ƙima, sai ta sami kariya. Ma'ana waɗannan maiƙo suna kama dafin su riƙe shi ba tare da sun raka shi inda zai yi ɓarna ba. In an ɗauke su, dafin da ya rage yana samun waɗanda za su shigar da shi. Da ana auna mannewa kawai, da an yanke hukunci a juye, an ce B3GNT5 ne ke taimakon kwalara. Ba na jin akwai wata hanya da za a raba mannewa da shiga in ba da sel biyu masu bambancin abu ɗaya ba.

Wannan ya haɗu da wani tsohon abin lura daga Bangladash, cewa masu jinin O sun fi jin jiki in kwalara ta kama su, kuma sukarin rukunin jini duk suna da fukos. An kuma gani a faranti cewa wasu sukari masu fukos, har da irin waɗanda ke cikin nonon uwa, suna rage mannewar dafin. Wannan bai zama magani ba tukuna, kada wani ya ɗauka haka. Mai kwalara ruwan gishiri da sukari yake buƙata nan take, da ƙarin ruwa a asibiti in ya galabaita, unguwa kuma tsaftataccen ruwan sha da rigakafi.

Ba kwalara kaɗai ba ce. Da wuya ka sami dangi a nan da ba su san sikila ba. Akwai wani tashin ciwon da jinin yaro ke faɗuwa farat ɗaya saboda ɓargo ya tsaya da ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kuma yawanci bairos ne mai suna B19 ke jawo shi. A 1993 aka nuna yana kama wani gilaikolifid, gulobosaid, a 1994 kuma aka ga cewa 'yan tsirarun mutanen da aka haifa ba su da shi ba sa kamuwa. Kowa ya ɗauka ta nan yake shiga. A 2019 ƙungiyar Carlos Ros da ke Bern ta Suwizalan ta kashe enzayim mai ƙera gulobosaid a sel ɗin UT7/Epo. Bairos ya shiga abinsa, sai dai ya kasa ci gaba bayan ya shiga. Ashe a mataki na gaba ne yake buƙatar maiƙon. Haka ma dafin wasu bakteriya da ake kira dafin Shiga, mai kama maiƙon Gb3 ya lalata ƙodar yara bayan gudawar jini: a 2018 da 2019 an bi ƙwayoyin gadon sel ɗaya bayan ɗaya da CRISPR ana zuba dafin, waɗanda suka tsira suka tona furotin LAPTM4A, wanda ba a san yana da hannu a ƙera Gb3 ba.

Duk da haka ba na son ɗalibi ya ɗauka faranti hanji ne. Colo205 daga ciwon daji ta fito, babu majinar da ke rufe hanji a kanta, babu ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a cikinmu. Ruwan jinin ɗan maraƙi da ake ciyar da sel da shi yana ɗauke da nasa maiƙon da nasa Neu5Gc, sel na iya ɗauka ta maƙala a jikinta. HAP1 in an daɗe ana rainonta takan ninka kwafinta ta koma biyu-biyu. Ga kuma zancen datse hanya: in ka kashe enzayim ɗaya ba abu ɗaya kaɗai ka rage ba, ƙila ka ƙara wasu, don haka sai an auna maiƙon duka. Sannan akwai cuɗanya. Tun 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa zuriyoyi da dama da ake kira da sunaye daban-daban duk HeLa ce ta mamaye su, kuma ya gane ne ta wani nau'in enzayim G6PD da ake samu a mutanen da asalinsu Afirka ne.

Abin da ke damuna shi ne cututtukan namu ne, sel ɗin kuwa ba daga cikinmu suka fito ba. A 2023 wani babban bincike da likitocin ƙwaƙwalwa na Najeriya suka yi tare da abokan aikinsu na waje, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas a ɓangarenmu, ya gano wani sauyi a ƙwayar gadon GBA1 mai ƙara haɗarin ciwon karkarwa na Parkinson. GBA1 ita ke yin enzayim mai rushe gulukosil-seramaid, wato abin da UGCG ke ƙerawa a matakin farko. Sauyin yana da yawa a mutanen Afirka ta Yamma, a Turawa kuwa da ƙyar ake ganinsa, shi ya sa shekarun da aka yi ana bincike a can ba su gan shi ba. Nawa ne irinsa a jinin Bahaushe da Bafulatani da Bajari da Basayi da Batangale? Babu wanda zai zo ya duba mana in ba mu fara ba. Maƙwabtanmu sun fara. A Damaturu akwai cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe, wadda Mahmoud Bukar Maina ya assasa a 2021, kuma suna aikin samar da zuriyar sel daga mutanen yankin nan. In za mu bi sahu, duk wanda za a ɗebi jininsa ko fatarsa a yi masa bayani da harshen da yake ji, a gaya masa sel ɗinsa na iya rayuwa bayansa, ya yarda ko ya ƙi.

A jami'o'inmu in aka sami kuɗin bincike, na'ura mai tsada ake fara hange. Ni a ganina ɗakin raino ya kamata a fara ginawa: ɗaki mai tsafta da ƙurar hunturu ba ta shiga, teburin aiki mai tace iska, inkubeta, tukunyar iskar kabon, da tulun ruwan naitirojin da ke ajiye sel a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Sai ma'aikaci da ake biya a kan lokaci, wanda zai zo ya canza wa sel ruwa ko ranar Sallah ce. Farantin silika da osinol ba su da tsada, karanta DNA kuwa ana iya aikawa. Abin da ke kashe aikin shi ne a ɗauke wuta a watan Afrilu, zafin Bauchi ya haura digiri 40, wahalar wata da watanni ta mutu a dare ɗaya.

Tambayar da nake son farawa da ita ƙarama ce. Ɓangaren B na dafin ba iri ɗaya ba ne a duk nau'o'in ƙwayar kwalara, akwai 'yan bambance-bambance, wasu kusa da inda yake kama sukarin rukunin jini. Ina son in sami sel ɗin hanji zuriya ɗaya, in gyara su wasu su nuna sukarin A, wasu B, wasu O, in gwada su da dafin ƙwayoyin da aka samo daga marasa lafiyarmu na nan, in auna mannewa daban, in auna cAMP daban. Takardar neman tallafin da nake rubutawa yanzu a kan wannan take, kuma a jerin kayan da na nema faifan sola da batura ne a farko, kafin inkubetar kanta.